Daga Safa Muka Fara

7 ga Satumba

Yau aka damƙa mini yara goma sha huɗu, 'yan shekara 13 zuwa 16, da filin ƙwallon kwando na siminti, da ƙwallaye biyar. Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta abin da ya faru a atisaye tun da zafinsa, kafin zuciya ta fara gyara labari. Ba zan sa sunan kowa ba, lambar rigar yaro ta isa.

Niyyata in bi tafarkin John Wooden a wannan kakar wasa, in ga ko abin da ya yi aiki a kan zaratan jami'a zai yi a kan yaran da wasunsu ko tafiya da ƙwallo da hannun hagu ba su iya ba. Wooden shi ne kocin ƙwallon kwando na Jami'ar UCLA a Amurka daga 1948 zuwa 1975. Ya ɗauki kofin jami'o'in ƙasar sau 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, amma 'yan wasansa sun sha faɗa cewa ba su taɓa jin ya tara su ya ce lallai sai sun ci wasa ba. Abin da yake kira nasara shi ne kwanciyar hankalin mutumin da ya san ya yi iyakar ƙoƙarinsa don ya zama abin da zai iya zama. Tun 1934 ya tsara wannan ma'ana, lokacin yana koyar da Turanci a sakandare, saboda yana ganin yadda iyaye ke ƙuntata wa yaron da ya yi bakin ƙoƙarinsa amma bai kawo maki mai yawa gida ba. Don haka na ɗaukar wa kaina alkawari: har kakar nan ta ƙare, ba zan yi wa yaran nan maganar cin wasa ba.

Na ce kowa ya zauna ya cire takalmi da safa. Suka kalli juna. Mai lamba 7, wanda tun a jifa uku na farko na gane ya fi kowa hannu, ya ce, "Koci, wai sa safa za ka koya mana?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa eh. Na zauna a ƙasa na nuna musu: ka ja safa har ta zauna, ka bi ta da hannu daga ƙaramin yatsa zuwa dunduniya, kada ka bar ninki ko ɗaya. Igiyar takalmi kuma a ja ta rami bayan rami daga ƙasa, a ɗaure sau biyu. Ninki shi ke kawo bororo, bororo ya sa ɗingishi, mai ɗingishi kuwa ba ya tsare kowa. Da wannan darasi Wooden ke buɗe kowace kaka, kuma bai ɗauke wa kowa ba, har tauraron ɗan wasansa Lew Alcindor, wanda duniya ta sani daga baya da Kareem Abdul-Jabbar.

Dokoki uku na ba su, su ma nasa ne: a zo a kan lokaci, babu ashar, babu aibata abokin wasa.

12 ga Satumba

Wooden kan kwashe kusan awa biyu da safe shi da mataimakansa suna tsara atisayen da shi ma bai fi awa biyu ba, minti bayan minti, a rubuce a ƙaramin kati da zai shiga aljihu. Na gwada. Katin farko ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: rabin lokacinmu a layi yake ƙarewa, yara goma suna tsaye suna kallon huɗu. Na raba su gida uku, kowane gida da aikinsa. Yau sun gaji tun kafin awa ta cika, kuma babu wanda ya sami sararin tsokanar wani.

21 ga Satumba

Na ajiye wayata a gefen fili ta ɗauki muryata na minti arba'in. Dalili shi ne binciken da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, suka yi a kakar 1974 zuwa 1975, wadda ita ce ta ƙarshe ga Wooden. Sun zauna a gefen fili suna rubuta duk abin da ya faɗa ko ya nuna a atisaye, suka ƙirga guda 2,326. Rabi cur bayani ne tsagwaronsa, abin da za a yi da yadda za a yi shi. Yabo bai cika kashi 7 cikin 100 ba, faɗa ma haka. Da wuya maganarsa ta wuce daƙiƙa 20.

Da dare na saurari tawa muryar, kuma ban ji daɗi ba. "Yawwa." "Haba, haba!" "Ku dage." "Me kake yi haka?" Su ne suka cika faifan. Akwai inda na tsayar da wasa na yi minti huɗu ina jawabi a kan muhimmancin ƙoƙari, yara suna tsaye gumi yana bushe musu. Ina jin ƙarar ƙwallon da wani ke bugawa a hankali a bayana, alamar hankalinsa ya daɗe da barin wurin.

Abin da na ɗauka daga nan ya fi duk abin da na karanta nauyi. "Ka dage" ba koyarwa ba ce. Yaron da ba ya iya tare mutum, idan ka ce masa ya dage, zai ƙara gudu ne kawai ta hanyar da ba daidai ba, ya gaji, a wuce shi, sannan ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya iyawa. Amma idan ka ce, "Durƙusa kaɗan, buɗe ƙafa, kalli cikinsa kada ka kalli ƙwallo," ka ba ƙoƙarinsa wurin zuwa. Mu manya muna yawan zargin yara da lalaci alhali mu ne ba mu gaya musu inda za su sa ƙafa ba. Wannan bai tsaya a fili ba. Na tuna sau nawa na ce wa ƙanena ya dage da karatu ban taɓa zama na nuna masa yadda ake karanta shafi guda a riƙe shi ba.

Masu binciken sun lura da wata dabara tasa: ya nuna yadda ake yi daidai, ya nuna yadda yaron ya yi, ya sake nuna daidai, duk cikin 'yan daƙiƙu. Daga Talata zan fara haka, kuma babu sauran jawabi a tsakiyar atisaye.

3 ga Oktoba

Idan na ce ƙoƙari nake dubawa ba maki ba, to dole in sami abin awo, in ba haka ba son zuciya ne zai yi hukunci. Na ba mataimakina takarda ya riƙa sa alama a kan abubuwa uku da ba su buƙatar baiwa: komawa tsaron gida da gudu idan ƙwallo ta kuɓuce mana, tare abokin hamayya da jiki idan an yi jifa don kada ya cafke wadda ta dawo, da yi wa wanda ya miƙo maka ƙwallo alamar godiya idan ka zura. Na ƙarshen ma daga Wooden yake, ba ya yarda mai zura ƙwallo ya koma baya bai ko gyaɗa wa wanda ya ba shi kai ba.

Mako biyu ke nan muna yi. Mai lamba 12 ne a sama. Yaro ne mai nauyin jiki, in ya yi jifa goma da ƙyar uku su shiga, amma ko sau ɗaya ba a same shi yana komawa gida da tafiya ba. Yau na gan shi ya faɗi ya kurje gwiwa a siminti, ya tashi yana ɗingishi ya bi mutuminsa har ƙarƙashin kwando, bai ko duba ciwon ba sai da aka busa usur. Mai lamba 7 yana kusa da ƙasan takardar, alhali kusan rabin makinmu daga hannunsa yake fitowa. In ya zubar da ƙwallo sai ya tsaya ya ɗaga hannu yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Mataimakina ya ce mini, "Hali zanen dutse ne, wannan yaron haka zai tafi." Na daɗe ina juya maganar. Idan haka ne, ni da usur ɗina ba mu da aiki a nan. Amma masu wannan karin su ne kuma suka ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗan shekara 15 bai bushe ba. Abin da nake gani shi ne tun yana ƙarami ake barinsa ya yi abin da ya ga dama saboda yana zura ƙwallo. Ba a haife shi da wannan ba, koya masa aka yi.

12 ga Oktoba

Wasanmu na farko. Mai lamba 7 ya zo a makare da minti ashirin da biyar. Na yi niyyar in zaunar da shi zubin farko kawai. Sai ga shi muna motsa jiki, mai lamba 12 ya saki ƙwallon da aka miƙa masa, shi kuma ya ce masa jaki, da ƙarfi, a gaban 'yan kallo. Na ga yaron ya sunkuyar da kai. Na ce wa mai lamba 7 ya koma benci, yau ba zai taka fili ba.

An ci mu 41 da 37. Saura minti uku muna baya da maki biyu, yara suna waiwayena, shi ma yana kallona, ya riga ya ɗaure igiyar takalminsa. Na san da na sa shi da wataƙila mun wuce. Hannuna har ya ɗaga, na mayar da shi aljihu.

Bayan an tashi mahaifinsa ya tare ni. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi mini nauyi. Ya ce, "Malam, na bar aikina na zo in ga ɗana. In ya yi laifi ka hukunta shi, amma sauran yaran me suka yi da za ka sa a ci su?" Na ce, "Baba, gaskiya ne kun yi tattaki, kuma ban ji daɗin yadda kuka koma ba. Amma in na sa shi yau, na gaya wa yara goma sha uku cewa doka tana kan wanda bai iya ba ne kawai." Ya yi shiru, ya ce Allah ya kyauta, ya ja ɗansa suka tafi.

A ɗakin sauya kaya ban yi jawabi ba. Na karanta musu takardar alama. Tunda muka fara ba su taɓa komawa tsaron gida kamar yau ba.

14 ga Oktoba

Kwana biyu tambayar mutumin nan tana cina: sauran yaran me suka yi? Tambaya ce mai ƙarfi, ba zan yi kamar na gama amsa ta ba.

Rana irin ta yau aka haifi Wooden, a 1910, a jihar Indiyana. Abin da na fi riƙewa a tarihinsa ba kofunan ba ne. A 1947, yana koci a kwalejin Indiana State, an gayyaci ƙungiyarsa gasar ƙasa a Kansas City, amma dokar gasar ta hana baƙar fata bugawa. Yana da ɗan wasa baƙar fata guda ɗaya, Clarence Walker, wanda ba ma shi ne tauraron ƙungiyar ba. Wooden ya ƙi zuwa. Shekarar da ta biyo aka janye dokar, suka je da Walker, har suka kai wasan ƙarshe. Sauran 'yan wasan na 1947 su ma babu laifin da suka yi, amma sun rasa gasa guda don kada a wulaƙanta ɗayansu. Nawa lamarin ƙarami ne ƙwarai a kan wannan, sai dai ciwon iri ɗaya ne: wani lokaci mutuncin mutum ɗaya kowa ne ke biyan kuɗinsa. Abin da ya rage a kaina shi ne in tabbata yaran sun san abin da suka biya dominsa.

Wani abin kuma da ke kwantar mini da hankali: sai a kakarsa ta 16 a UCLA ya ɗauki kofin farko, a 1964.

24 ga Oktoba

Atisaye huɗu ke nan mai lamba 7 bai zo ba. Akwai sanannen labarin Bill Walton, tauraron ɗan wasan Wooden a UCLA, lokacin da ya ce wa Wooden ba shi da ikon tilasta masa aski. Wooden ya ce masa yana girmama mai tsayawa a kan ra'ayinsa, kuma ƙungiya za ta yi kewarsa. Walton ya je ya yi aski ya dawo. Ana son wannan labari, ni ma ina sonsa, amma ba zan kwaikwaye shi ido rufe ba. Walton babban saurayi ne da ya san abin da zai rasa. Nawa yaro ne, in ya bar filin nan ba wata jami'ar zai tafi ba, titi zai koma.

Na same shi bayan an tashi daga makaranta. Bai gaishe ni da fara'a ba, amma ya gaishe ni. Na ce ina ya shige. Ya ce, "Koci, ni kaɗai ka gani? Ranar nan mai lamba 3 ya yi ashar a gabanka, ba ka ce komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ji, na kau da kai, don mai lamba 3 yaro ne mai sanyi da ba ya ba ni wahala. Wooden yana cewa adalci ba shi ne a yi wa kowa abu iri ɗaya ba, a ba kowa abin da ya cancanta ne, kuma na ji zuciyata tana so ta ɓuya a bayan wannan magana. Ban bari ba, don ba wurinta ba ne. Na ce masa, "Ka yi gaskiya, na yi kuskure, kuma zan faɗa a gaban kowa. Amma kuskurena bai goge naka ba. Akwai wanda yake bin ka ban haƙuri." Ya ce zai yi tunani.

26 ga Oktoba

Ya zo, minti goma kafin lokaci. Na faɗi nawa a gaban kowa kamar yadda na yi alkawari. Shi bai ce komai a bainar jama'a ba, ban kuma matsa ba. Daga baya na hango shi yana riƙe wa mai lamba 12 gwiwar hannu yana gyara masa jifa.

2 ga Nuwamba

Na karya alkawarina. Wasa ya yi zafi, alƙalin wasa ya busa mana ƙeta biyu a jere da nake ganin babu su, na nemi ɗan hutu na tara yara na ce, "Wallahi sai mun ci wasan nan!" Suka koma fili kamar an kunna musu wuta, kowa yana jifa daga inda ya tsaya, muka zubar da ƙwallo huɗu cikin minti biyu. Wooden yana da magana a kan wannan, cewa a yi hanzari amma kada a yi gaggawa, mu kuma mun daɗe da sanin sauri ya haifi nawa. Ni na jefa su cikin gaggawar. Da na ce musu mai lamba 5 na ɗaya ɓangaren dama kawai yake bi, a tura shi hagu, da na ba su abin yi. Maimakon haka na ba su tsoro.

A hanyar fita na fara cewa alƙalin wasa ne ya kashe mu. Mai lamba 12 ya ce a hankali, "Koci, ba ka ce babu ƙorafi ba?" Watan jiya na koya musu abubuwa shida da mahaifin Wooden ya ba 'ya'yansa, uku da uku: kada ka yi ƙarya, kada ka yi maguɗi, kada ka yi sata, kada ka yi raki, kada ka yi ƙorafi, kada ka kawo uzuri. Ban san ya riƙe ba. Na ce masa haka ne, na gode. Na koma na ba alƙalin hannu.

9 ga Nuwamba

Akwai abin da ya kamata ya shiga littafin nan, don kada in mai da mutum waliyyi. A shekarun da UCLA ke tashe, wani attajiri mai goyon bayan ƙungiyar, Sam Gilbert, ya riƙa yi wa 'yan wasa hidima da kyaututtukan da dokar wasannin jami'o'i ta hana. A 1981, shekara shida bayan Wooden ya yi ritaya, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta hukunta jami'ar ta kuma umarce ta da ta raba gari da shi. Har yau masu sukar Wooden suna cewa ya ga abin ya kau da kai.

Ya dame ni, domin shi ne mai cewa ka fi kula da halinka a kan sunanka, tunda hali shi ne ainihin abin da kake, suna kuwa abin da mutane ke zato ne. Ban fasa bin darasinsa ba, safa dai tana hana bororo ko daga bakin wa aka ji. Amma na gane kau da kai shi ne ramin da koci ya fi faɗawa, kuma ni ma na faɗa shi a kan mai lamba 3 ba da daɗewa ba. Na ce wa mataimakina daga yau duk abin da ya ga na bari ya wuce, ya gaya mini a ranar, kada ya ji nauyina.

23 ga Nuwamba

Mun ci 52 da 30, kuma ban yi farin ciki ba. Ƙungiyar da muka buga da ita ƙanana ne, yarana suka raina su, ana tafiya ana jan ƙafa. Takardar alama ba ta taɓa yin fari kamar yau ba. Da na karanta musu, murnar ta ɗan lafa. Mai lamba 7 ya ce, "Amma ai mun ci, Koci." Na ce ya kwatanta yau da ranar 12 ga Oktoba, ya gaya mini wace rana ce suka fi buga ƙwallo. Ya yi murmushi, ya ce ai ranar yana benci, ya ga komai. Shi kansa yau sau biyar ya nuna wanda ya miƙa masa ƙwallo, kuma sau ɗaya ne kawai ya tsaya yana ɗaga hannu.

Inda nake da saura shi ne 'yan benci. Akwai yara huɗu da a wasa biyar ko minti goma ba su haɗa ba, kuma mai lamba 14 ya fara zuwa da fuska a ɗaure. Zan ba su labarin Swen Nater, wanda ya yi shekarunsa a UCLA a bayan Walton bai taɓa fara wasa ba, amma kullum da shi Walton ke gwabzawa a atisaye, har aka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen 'yan wasan NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, a 1973. Sai dai na san labari kaɗai ba zai ishi ɗan shekara 13 ba, yana so ya ji siminti a ƙarƙashin ƙafarsa. Na rubuta a katin Talata: minti goma sha biyar na ƙarshe, su huɗun da mai lamba 12 za su kara da 'yan farko, kuma duk wanda ya fi alama a takarda cikin makon shi zai fara wasan 7 ga Disamba, ko wane ne. Dole kuma in sayo allurar famfo, ƙwallaye biyu sun sace.